Wa ke riƙe da jaririn idan uwa ta fita nema?

Duk bayan 'yan watanni sai wani ya sake turo labarin nan a Facebook ko a zaurukan WhatsApp: wai a ƙasar Suwidin idan an haihu, ana ba iyaye hutun kwana 480, kuma ana biyan su suna zaune gida. Nan take sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce, "Kai, mu dai an cuce mu, ga inda ake ƙasa." Wasu su ce, "Don Allah ku bar mu da zancen Turawa, mu da ke fama da kuɗin cefane." A yi dariya, a wuce wani labarin.

A ganinmu duka ɓangarorin biyu sun tsallake ainihin maganar. Ga ta: gobe da asuba, idan mai tuyar ƙosai ta bakin tasha ta fita da kaskonta, wa zai riƙe mata jaririnta ɗan wata biyu? Kowace ƙasa ta duniya tana da amsar wannan tambaya, ko ta rubuta a doka ko ba ta rubuta ba. Akwai inda asusun jama'a ke ɗaukar nauyin. Akwai inda aka bar wa aljihun iyaye. Mu a Nijar, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, amsarmu a gidaje da yawa ita ce wata yarinya 'yar shekara tara wadda ya kamata a ce tana cikin aji a wannan lokacin.

Mu fara da Suwidin ɗin, tunda ita ake yawan kawowa. Gaskiya ne kwana 480 ne ga kowane yaro, amma uwa da uba ne ke raba su tsakaninsu. A kwana 390 daga ciki ana biyan kusan kashi 80 cikin 100 na albashi, har zuwa wata iyaka, sauran 90 kuma ɗan kuɗi ne bai ɗaya ga kowa. Kowane ɗaya cikin iyayen yana da kwana 90 nasa na kansa da ba zai iya bar wa ɗayan ba, in uba ya ƙi ɗauka to sun faɗi ke nan. Kuma ba rana ɗaya suka kai nan ba. A 1974 suka buɗe hutun ga maza, aka yi shekaru mazan na noƙewa, sai da aka ware musu wata guda nasu a 1995, bayan maƙwabciyarsu Norwe ta yi haka a 1993. Da yaro ya cika shekara guda yana da haƙƙin samun wuri a gidan reno, kuma an ƙayyade iyakar abin da za a karɓa hannun iyaye. Daga watan Yulin 2024 ma har an yarda iyaye su miƙa wasu kwanakin hutun ga kaka ko wani na kusa, a biya shi. Wato aikin da kakanninmu mata ke yi kyauta tun kaka da kakanni, can an gane aiki ne, an sa masa lada.

Abin da masu turo labarin ba sa faɗa shi ne inda kuɗin ke fitowa. Harajin da ake tarawa a Suwidin ya haura kashi 40 cikin 100 na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Namu yana wajen kashi 10. Kusan kowane mai aiki a can yana cikin rajista, an san albashinsa, ana cirewa tun kafin ya shiga hannunsa. Don haka wanda ya ce mu kwafo tsarin Suwidin yadda yake, bai yi lissafi ba.

To amma wanda ya ce ai duk maganar arziki ce, shi ma sai ya dubi Amurka. Ƙasa mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya ba ta da dokar tarayya da ta tilasta a biya mace albashi idan ta haihu. Dokar da suke da ita ta 1993 mako 12 ta bayar, ba biya, kuma a kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama ne take aiki. Wasu jihohi kamar Kalifoniya sun yi nasu tsarin na biya, sauran kuwa kowa tasa ta fisshe shi. A 2021, lokacin korona, sun gwada ƙara kuɗin tallafin yara suna turawa iyaye wata-wata. Talauci tsakanin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin 100, mafi ƙanƙanta da suka taɓa aunawa. Majalisa ta ƙi sabunta shirin, a 2022 ya koma kashi 12.4. Arzikin ƙasar bai canza ba tsakanin shekarun biyu. Shawarar 'yan siyasa ce ta canza.

Faransa kuwa tana tsakiya: mako 16 ga uwa a haihuwar fari da ta biyu, mako 26 daga ta uku, kwana 28 ga uba tun 2021, kuma tun 2019 wajibi ne yaro ya shiga makaranta yana da shekara uku. Mun kawo Faransa ne saboda dokarmu daga can ta samo tushe, kuma tarihin yana da amfani. A ranar 3 ga Nuwamban 1952 ma'aikata a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa suka yi yajin aiki na gama-gari, a watan Disamba na shekarar aka amince da kundin dokar aiki na ƙasashen da take mulka. Cikinsa aka ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. Kuɗin yara na ma'aikata ya biyo baya a 1956, shi ma bayan matsin lambar ƙungiyoyin ƙwadago. Ba kyauta aka ba kakanninmu ba, ƙwata suka yi. Sai dai an ɗinka rigar ne daidai jikin mai albashi, ma'aikacin bariki da na kamfani, a lokacin da irinsu ba su taka kara sun karya ba a ƙasar nan. Har yau rigar nan muke sanye da ita.

Ga abin da dokar aiki ta 2012 ta tanada. Mace mai aikin albashi na da hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, ana iya ƙara mata uku idan likita ya tabbatar da rashin lafiya. Ba a korar ta a cikin wannan lokaci. Asusun CNSS na biyan rabin albashinta, ragowar rabin yana wuyan mai aikin idan ta cika sharaɗin daɗewa a wurin. In ta koma aiki tana da awa guda kullum ta shayarwa har yaron ya shekara. Uba kuwa kwana ɗaya ne rabonsa. A 2019 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan kare mata masu juna biyu da masu jego, wadda ta ce kada hutun ya gaza mako 14. A takarda dai mun fi Amurka, wannan ba ƙarya ba ne.

Amma ku yi lissafi da kanku. Idan ma'aikaciya ta ɗauki mako shida kafin haihuwa, za ta koma ofis jaririnta na da wata biyu. A likita kuwa kullum ana gaya mata ta ba shi nono zalla, ko ruwa kada ya sha, har wata shida. Hukuma ɗaya ce ke faɗin maganganun biyu. Ta yaya malamar makaranta da ke zaune a wata unguwar bayan gari a Yamai, mai hawa kabu-kabu ko taksi biyu kafin ta kai wurin aiki, za ta shayar da jariri da awa guda? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. An saba ɗora laifin kan jahilci da al'ada, ba a cika tambayar ina uwar take da ƙarfe goma na safe ba. Maƙwabtanmu a Najeriya sun ɗan motsa: ma'aikatan gwamnatin tarayya na da mako 16, maza kwana 14, jihohi irin su Legas da Kaduna kuma sun kai hutun ma'aikatansu mata wata shida.

Kuɗin yaran fa? Wanda CNSS ke ba ma'aikatan kamfanoni ya daɗe a kan jika guda a wata ga kowane yaro. Ku shiga kanti da jika guda ku ga abin da za ku fito da shi.

Duk wannan ma maganar 'yan tsiraru ce. Aƙalla tara cikin goma na masu nema a ƙasar nan ba su da takardar albashi, ba su da lamba a CNSS. Mai sayar da fura a Kasuwar Dole ta Damagaram, mai ɗinki a Maradi, mai aikin albasa a gonakin Galmi, mai wankau da ke bin gidaje a Yamai, matar da ke daka da surfe a ƙauye, babu ɗaya cikinsu da dokar nan ta san da zamanta. Hutunta shi ne iya kwanakin da jarinta zai jure. Ranar da ba ta fita ba, ba a ɗora tukunya. Shi ya sa za ka ga mace ko arba'in ba ta yi ba ta koma bakin wuta, jariri a baya yana shaƙar hayaƙi, ko a kwance kan tsumma ƙarƙashin tebur cikin rana da ƙura.

Wani zai ce ai mu muna da namu tsarin na gargajiya, kuma yana da gaskiya. Zuwa gida wankan jego, kwana arba'in uwa na hutawa ana dafa mata kunun kanwa, 'yan uwa na kawo barka, biki na zagayawa, kaka na karɓar yaro idan an yaye shi. Wannan hutun haihuwa ne cikakke, iyayenmu suka tsara shi tun kafin a san wata doka, kuma ya fi na ƙasashe da yawa mutunci. Matsalar ita ce an gina shi kan babban gida, kaka a kusa, rumbu da hatsi. Matashin da ya yi aure a Yamai yana haya ɗaki biyu, uwarsa na Madawa, surukarsa na Mirriya, mai gida a ƙauye ya tafi cirani Libiya ko Abijan, kakar da kanta tana talla don ta ci. A yankunan da rashin tsaro ya tarwatsa garuruwa kuwa, dangin ma sun watse. Tsarin yana tsagewa, kuma duk inda ya tsage, da 'ya mace ake toshewa.

Ku duba unguwarku da kyau. Yarinyar da ke zuwa lakkol yau, gobe ba ta zo ba saboda inna ta tafi kasuwa. Wadda aka ce ta bari sai ƙanenta ya yi wayo, kafin ya yi wayo an sake haihuwa. Da kuma wadda aka ɗauko daga ƙauye tana da shekara goma sha biyu, a ce 'yar aiki ce, tana reno daga asuba har dare a kan kuɗin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na jika 42 ba, wani lokaci ma kuɗin ba hannunta yake shiga ba. Nan ya kamata mu 'yan birni masu karatu mu sunkuyar da kai, domin da yawa cikinmu da bayan irin yarinyar nan muke samun damar zuwa ofis. 'Yarmu na jardan mai tsada, 'yar wani na wanke mata kwano. Makarantun share fage na yara ƙanana ba su kai ga ko yaro ɗaya cikin goma ba a ƙasar nan, mafi yawansu kuma a birane suke. Saboda haka kada wani ya ce Nijar ba ta biyan kuɗin reno. Tana biya, da karatun 'yan mata take biya.

Idan kwatance za mu yi, mu yi da ƙasashen da suka fuskanci irin matsalarmu, wato mutane da yawa, masu albashi kaɗan. Afirka ta Kudu ta fara ba da tallafin yara a 1998 da rand 100 a wata. Ba a tambayar ko kana da aikin ofis, ana duba ƙarfin gidan ne, a ba wanda ke riƙe da yaron, uwa ce ko kaka. Yau yara kusan miliyan 13 ke samu. Barazil ta kafa Bolsa Família a 2003, kuɗin na shiga hannun uwa a mafi yawan gidaje, da sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi. Senegal, da muke kashe kuɗi iri ɗaya da ita, ta fara ba iyalai marasa ƙarfi jika 25 duk wata uku a 2013. Abin da ya haɗa su shi ne tallafin yana bin yaro ne duk inda yake, ba ya jiran sai uwarsa ta samu takardar ɗaukar aiki.

Ta fannin reno ma akwai abin koyo. Kolombiya tun wajen 1986 ta ɗauki matan unguwa, ta horar da su, ta ba su abinci da ɗan alawus, kowace ta riƙe yara goma sha wani abu a gidanta yayin da iyayensu ke wurin nema. Indiya na da cibiyoyin yara na unguwa da ƙauye sama da miliyan guda, shirin da ta fara tun 1975, ana ba yara abinci, ana auna su, ana koya musu wasa da karatu. Ƙungiyar mata masu sana'ar kansu ta SEWA a birnin Ahmedabad ta buɗe gidajen reno na haɗin gwiwa da suke tashi daidai da lokacin aikin 'yan kasuwa. Nan kusa da mu, a Burkina Faso, an gwada rumfunan reno na tafi-da-gidanka a wuraren aikin gayya da ake biyan mata: tanti, tabarmi, ruwa mai tsabta, da wasu daga cikin matan da aka horar, su ma ana biyan su kamar sauran. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya buƙaci ginin bene ko na'urar sanyaya ɗaki.

Indiyar dai ta ba mu darasi na biyu, na abin da za a kauce wa. A 2017 ta ƙara hutun haihuwa zuwa mako 26, ya fi na Faransa tsawo. Amma ta ɗora biyan gaba ɗaya kan mai kamfani, kuma mafi yawan matan ƙasar ba sa cikin aikin da dokar ta shafa. Idan mai kamfani shi kaɗai zai biya, me kuke tsammani zai yi in budurwa ko amarya ta kawo takardun neman aiki? Zai duba ta, ya duba aljihunsa, ya ɗauki namiji. Mu ma nan mun san matan da ake yi wa tambayar "kina da aure?" kafin a tambaye su abin da suka karanta. Shi ya sa yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu ta fi son kuɗin ya fito daga asusun da kowa ke zubawa ko daga baitulmali. Tsawon hutu a takarda ba shi ne ma'auni ba. A tambayi mutum nawa ya shafa, a kuma tambayi wa ke biya.

Mun san abin da za a ce, don mun sha ji. Na farko: "Ƙasar da mace ke haihuwar shida, in kun ba da kuɗin yara ai sai a ƙara haihuwa." Adadin ya sauko daga 7.6 a 2012 zuwa 6.2 a binciken 2021, kuma har yanzu yana cikin mafi yawa a duniya, wannan haka ne. Amma ƙasashen da suka zuba dukiya da gangan don a haihu ma abin bai yi musu ba. Koriya ta Kudu ta kashe maƙudan kuɗi shekara da shekaru, a 2023 adadinta ya faɗi zuwa 0.72. Hangari ta yafe wa uwar 'ya'ya huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwarta, duk da haka ba ta kai 'ya'ya biyu ga kowace mace ba. A Afirka ta Kudu haihuwa raguwa ta yi tun da aka fara tallafin. Ba wata mace da za ta ɗauki ciki wata tara, ta shiga ɗakin haihuwa da ranta a hannu, saboda jika biyar. Abin da aka tabbatar a ko'ina shi ne yarinyar da ta daɗe a makaranta tana jinkirta aure, tana ba da tazara. Wanda ke damuwa da yawan haihuwa, shi ya fi kowa cancantar neman a sauke goyon daga bayan 'yar shekara tara.

Na biyu: "Babu kuɗi, ga yaƙi, ga yunwa." Ba mu raina wannan ba. Amma bari mu yi ɗan lissafi namu na kanmu. Ana haihuwar yara sama da miliyan guda a shekara a Nijar. A ce kowace mai jego za a ba ta jika biyar a wata har wata shida, jika 30 ke nan. Jimilla zai kama miliyar 30 da 'yan kai. Kasafin kuɗin ƙasa na 2025 ya kai wajen miliyar 3,000. Kashi ɗaya ke nan cikin ɗari, ko sama da haka kaɗan. Kuɗi ne mai yawa, amma ba na almara ba ne, musamman ga ƙasar da ta fara fitar da ɗanyen mai zuwa kasuwar duniya. Kuma ba daga sifili za a fara ba. Tun 2011 shirin tallafa wa marasa ƙarfi ya riƙa ba mata jika goma a wata har shekara biyu a ƙauyukan da aka zaɓa, tare da faɗakarwa kan shayarwa da kula da yara, daga baya ya ci gaba da sunan Wadata Talaka. An san yadda ake yi. Raunin shi ne ya dogara da kuɗin masu ba da lamuni na waje, kuma mun ga yadda irin wannan kuɗi ke tsayawa dare ɗaya. Masu maganar 'yancin kai, ga wurin gwada shi: abincin mai jego ya fito daga kasafinmu.

Muna da wani darasin a gida. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, kuma ya ceci rayuka da yawa. Amma da gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu, sai kyautar ta koma takardar sayen magani a kanti. A 2024 an rage kuɗin jinya a likitocin gwamnati, aka ce haihuwa kyauta ce. Mun yaba. Sai dai duk alkawarin da ba a rubuta masa layi a kasafi ba, aka kuma saki kuɗin a kan lokaci, ungozoma ce za ta sha zagi a kansa.

Ga abin da muke ganin ya dace a nema, kuma kowanne ana iya fara shi ba sai an jira mun zama Suwidin ba. A fara da aiwatar da dokar da ke akwai. Makarantu masu zaman kansu, kilinik-kilinik, manyan kantuna da gidajen mai su sa ma'aikatansu cikin rajistar CNSS, masu binciken ƙwadago su fita su duba, mace mai aikin kwantaragi ta san haƙƙinta a rubuce tun kafin ciki ya tsufa. A mayar da biyan albashin hutun gaba ɗaya kan asusun, a ja hutun zuwa aƙalla mako 18 kamar yadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara. Uba kuma a ba shi ko da daga ranar haihuwa zuwa ranar suna. Dama kowa ya san ba ya zaman ofis a satin nan, gara a halatta masa, ya kuma san ba don sayen rago da goro kaɗai aka ba shi ba.

Sannan a kafa kuɗin jego ga kowace uwa, mai albashi da marar albashi, a haɗa shi da awon ciki da yi wa jariri takardar haihuwa, a tura mata kai tsaye ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi don kada ya bi ta hannu goma. In ba za a iya ƙasa duka lokaci guda ba, a fara da jihohin da tamowa ta fi yi wa yara illa, irin su Maradi da Damagaram. Ma'aikatun magajin gari kuma, da ke karɓar tikiti hannun matan kasuwa kowace safiya, su ware rumfa guda mai inuwa da ruwa da makewayi a kowace babbar kasuwa da tasha. Masu riƙe ta suna nan. A ƙasar nan aka ƙirƙiro ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, tsarin asusu da bashi da ƙasashe da dama suka kwafa daga baya. Matan da suka iya riƙe akwatin kuɗi shekara talatin ba tare da banki ba, za su iya riƙe rumfar reno idan an horar da su, an kuma biya su.

Saura namu, wanda ba ya buƙatar sa hannun minista. Kai ɗan'uwa da ke rubuta dogayen bayanai kan adalci, in jariri ya yi kuka da dare ka tashi ka ɗauke shi, rawaninka ba zai faɗi ba. Ke 'yar'uwa da ke da 'yar aiki, ki tambayi shekarunta, ki tambayi wa ke karɓar kuɗinta, in yarinya ce ki nemi babbar mace ki biya ta yadda ya kamata, ko kuwa ku haɗu ku huɗu a unguwa ku ɗauki mai reno guda. Wanda ke da shago ko ɗan kamfani, idan ma'aikaciyarsa ta haihu, wurinta ya jira ta.

A satin nan, duk wanda ya bi ta kasuwa tsakanin ƙarfe tara da sha biyu na safe, lokacin da ake cikin aji, ya ƙirga 'yan matan da ya gani da goyo a baya. Ya riƙe adadin. Ranar da wani jami'i ko ɗan takara ya zo unguwa yana maganar makomar matasa, a gaya masa adadin, a tambaye shi nawa ya ware.